Muna Babi na Biyu

Har yau in hunturu ya kankama, hazo ya rufe duwatsun Mandara har ba ka ganin kawunansu daga Lokuwa a Mubi, hancina kan jiyo warin kananzir da na tsohuwar takarda, ko da babu ɗayansu a kusa. A irin wannan yanayi na yi fama da bitar ayyukan da suka gabata, wato babi na biyu na kundin digirina na biyu a fannin ilimi, tsakanin 1990 da 1991. Ina koyarwa a Mubi, ina karatu a Jami'ar Maiduguri, ga iyali, ga albashin da ba ya ganin tsakiyar wata. Duk ɗalibin da ka tambaya ina aka kwana a aikinsa, amsarsa ɗaya ce: “Muna babi na biyu.” Wasu sun daɗe suna ba da wannan amsa har aka daina tambayarsu don kara.

Abin da na ɗauko shi ne harshen koyarwa a azuzuwan farko na firamare. Manufar ilimi ta ƙasa ta 1977, wadda aka sake dubawa a 1981, ta ce a fara koyar da yaro da harshen uwarsa ko da harshen jama'ar da yake zaune cikinsu, Turanci ya biyo baya. A Kano ko Katsina magana ta ƙare. A Mubi kuwa, tun da shirin UPE na 1976 ya cika mana azuzuwa maƙil, a benci ɗaya za ka tarar da ɗan Gude da ɗan Fali da Bafulatani da ɗan Margi da ɗan Higi, malaminsu kuma ƙila ɗan Kilba ne daga Hong. Da harshen wace uwar za a fara? Yawancin abokan karatuna sun karkata ga ilimin makiyaya, don shi ake yayi. An kafa masa hukuma a 1989, Farfesa Jibril Aminu ɗan Song ya tsaya masa yana ministan ilimi, sunan Chimah Ezeomah na Jami'ar Jos kuma ba ya ɓacewa a babi na biyun kowa. Su suna ara wa juna takardu, ni ina neman nawa ni kaɗai.

Bayan sallar asuba ake shiga fijo a tasha, mutum a takure, jaka a kan cinya. Mararraba, Uba, Michika, Madagali, Gwoza, Bama, sai ga Maiduguri da rana tsaka, gashin ido ya yi fari da ƙura. Laburaren Ramat na jami'ar yana da nasa sanyin da nasa ƙamshin na fata da manne. Abin da na fi tunawa shi ne ƙarar aljihunan katako na katunan littattafai, yadda suke shiga da fita, da yatsun mutane suna tafiya a kan katunan ɗaya bayan ɗaya. Kana neman littafi guda sai ka ci karo da maƙwabcinsa a kan kanta, sau da yawa ma maƙwabcin ya fi wanda ka zo nema amfani.

Kuɗin fotokwafi sai mai hali, don haka da hannu ake kwafa. Katin da ake sayarwa a kantin littattafai ya fi ƙarfina, sai na ƙulla abota da wani mai shayi a unguwarmu yana tara mini kwalayen sukari, ina yanka su da reza daidai tafin hannu. A fuska a rubuta sunan marubuci da shekara da sunan littafi da garin da aka buga shi. A baya kuma abin da ya faɗa da lambar shafi. Cikin kwalin takalmin Bata nake jera su bisa haruffa. Tururuwa ce ta fara nuna sha'awar bincikena, kafin kowane malami ya gan shi. Da dare in an ɗauke wuta sai in kunna fitilar ƙwai, in baje katunan a tabarma, in kafa wa yara dokar kada wanda ya gifta da gudu. Uwar ’ya’yana takan leƙo ta ce, “Malam, mutanen naka sun ci abinci kuwa?”

Mutanena kuwa suka zama. Wanda ka kwafi maganarsa da hannunka, layi bayan layi, har yatsa ya yi kanta, ba ka mantawa da muryarsa. Na san Babs Fafunwa ta littafinsa na tarihin ilimi a Najeriya na 1974, na kuma san shi ta gwajin da suka fara a Ife a 1970, inda aka koyar da yara dukan darussa da Yarbanci tsawon shekara shida na firamare, Turanci yana matsayin darasi guda, kuma yaran ba su gaza takwarorinsu ba ko a Turancin. Na san rahoton UNESCO na 1953 da ya goyi bayan fara karatu da harshen gida, da littafin da Ayo Bamgbose ya tace a 1976 kan yadda abin ya kasance a Afirka ta Yamma. Sonia Graham ta kai ni makarantar da Ɗan Hausa ya buɗe a Nasarawa ta Kano a 1909, inda Hausa ce harshen aji. Kusa da gida kuma ga ’yan mishan da suka sauka a Garkida a 1923 suka kama koyarwa da Bura. Saboda wasu daga cikin waɗannan na yi doguwar tafiya ta Gombi da Biu da Gombe har Zariya, Laburaren Kashim Ibrahim, ina kwana a ɗakin wani ɗan garinmu, da dakakkiyar gyaɗa da gari a ƙasan jaka.

Akwai ranakun ɓacin rai. A ɗakin karatun wata ƙaramar kwaleji na taɓa samun mujallar da na daɗe ina nema, na buɗe da rawar hannu, sai na tarar wani bawan Allah ya riga ni da reza, ya yanke maƙalar tas, ya bar mini shafin farko da na ƙarshe. Akwai kuma ranakun daɗi. A lokacin mutum kan rubuta wa marubucin da bai taɓa gani ba wasiƙa, ya roƙi kwafin maƙalarsa, ya manna kan sarki, ya bar wa Allah. Bayan watanni, har ka fid da rai, sai ga ambulan mai ruwan ƙasa a gidan waya, da ɗan gajeren fatan alheri da alƙalami a saman shafi. Ranar na saya wa gida tsire.

Malamin da ke duba aikinmu mutum ne mai jan biro da ƙarancin dariya. Abin da yake faɗa wa kowannenmu shi ne ba ya son jerin “wane ya ce, wane ya ce.” Yakan ce, “Malam, babin nan shiga zauren manya ne. Ka gai da kowa da sunansa, ka saurari inda suka yarda da inda suka saɓa, sannan ka faɗi abin da ke tafe da kai.” Sai na daina jera katunan bisa haruffa, na koma zaunar da su ƙungiya-ƙungiya: masu cewa harshen uwa a nan, masu tsoron kada yaro ya makara a Turanci a can, masu lissafin kuɗin buga littafi da horar da malami a tsakiya. A nan kan tabarma na ga abin da ya rage. Ife gari ne mai harshe ɗaya. Ko shirin littattafan karatu na Jihar Ribas, wanda su Kay Williamson suka yi wa harsuna da dama, kowane harshe da nasa garuruwan. Cikin duk waɗanda na gaisar babu wanda ya zauna a bencinmu mai harshe biyar. Da na kai masa wannan, ya karanta, ya mayar da murfin biron, ya ce, “To, yanzu ka shigo.”

Wani dattijo ne a bakin kasuwa ya buga mini kundin da tafireta, da takardar kabon a tsakani, kuɗinsa bisa shafi. Ƙararrawar injinsa takan yi ƙara a ƙarshen kowane layi, ga rurin shanu da hayaniyar dillalai daga nesa. Mun kusa gamawa ke nan, ranar 27 ga Agusta 1991, aka raba Jihar Gongola zuwa Adamawa da Taraba. Sunan Gongola kuwa yana bangon kundin, yana kusan kowane shafi na biyu. A duk Mubi ban ga wanda ya yi murnar sabuwar jiha kamar wannan dattijo ba.

Kwalin katunan ya zauna a saman sif shekara da shekaru. A ƙarshen Oktoba 2014, da garin ya faɗa hannun Boko Haram, muka fita kamar kowa da kayan jikinmu, wasu ta duwatsu zuwa Kamaru, mu ta hanyar Yola. Da muka dawo akwai abubuwan da suka fi takarda ciwo, ba su nake son tonawa ba. Kwalin dai gara ta same shi, ta yi tata bitar a tsanake, ta haɗa da kwafina na kundin. Daga harafin A zuwa tsakiya ta cinye, don na mayar da su bisa haruffa bayan an gama. Williamson ta tsira.

Yanzu ’yar ƙanena tana digiri na biyu a Jami'ar Jihar Adamawa, nan cikin Mubi, wadda aka kafa a 2002, ba ruwanta da hanyar Gwoza. A zaune a kan kujerata, kafin shayi ya huce, ta sauko da maƙalu daga Google Scholar fiye da abin da na tara a shekara. Ina taya ta murna da gaske, bayana ma yana taya ta. An ce mata kada ta kafa hujja da abin da ya wuce shekara goma, saboda haka ni da Fafunwa duk mun tsufa. Abin mamaki, ita ma harshen koyarwa ta ɗauko. Ta karanta mini ƙarshen babinta, inda ta rubuta cewa ba ta ci karo da wani bincike da aka yi kan wannan matsala a Mubi ba. Na yi gyaran murya.

“Baffa, naka yana intanet?”

Na ce yana cikin gara.

Ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce to jimlarta na nan daram. Sannan ta matso ta rage murya, ta ce in taimaka mata da kuɗin data, babi na biyu ya cinye nata.