Zoɓon Dala Ashirin: Daga Roxy Zuwa Treichville

Ranar Asabar da hantsi muka sauka daga gbaka a Adjamé, muka kutsa cikin Roxy, unguwar nan da ta ci sunan tsohon gidan silima, wadda aka fi saninta da mata masu kasa ƙwayoyin magani a faranti. Mu dai ba magani ya kai mu ba, gardama ce. Abokin tafiyarmu, mutumin Maraɗi, ya rantse cewa zoɓon Abidjan, wanda 'yan gari ke kira bissap, ruwan kala ne kawai. Muka ce Faransawa ma sai sun ɗanɗana jar giyarsu suke yanke mata daraja, to mu ma ga namu jan na halal, a bar harshe ya yi alƙalanci.

A bakin wani lungu muka tarar da wata dattijuwa da kular ƙanƙara. Muka ce, "Inna, sannu da rana, nawa gora?" Ta ce dala ashirin, wato sefa 100.

Muka fara ɗaga gorar ga hasken rana. Ja ne mai duhu, amma haske na ratsa shi, ba irin baƙin nan ba da ke nuna an zuba kanwa don kashe tsami. Da muka kurɓa, tsamin ne ya fara yi mana sallama, sannan citta ta kama maƙogwaro, na'ana'a ta biyo baya, sukari kuwa can ƙarshe, kamar baƙo mai kunya. Sai muka yi tambayar da ta fi kowace nauyi, domin gorar tsohuwa ce aka sake cikawa: da wane ruwa? Ta nuna mana tukunya a kan gawayi, ta ce sai ya tafasa take zuba zoɓon, gorunan kuma da ruwan zafi take wankewa. Mai yara a gida kada ya ji nauyin yin wannan tambaya.

Bayan la'asar muka haye gadar Houphouët-Boigny zuwa Treichville. A wani gidan abinci mai sanyi aka kawo mana kofi guda kan dala ɗari. Zaƙi har ya ginshe mu, ga ƙamshin kanti ya danne zoɓon, leɓe kuma ya rine kamar an ci fure.

Mutumin Maraɗi bai ce ya janye rantsuwa ba. Amma a hanyar komawa shi ya ce mu biya ta Roxy, ya sayi gora biyar, wai na iyali ne.