Tarwaɗar Auta

A babban hutu na shekarar 1982, wani magidanci na Maraɗi ya ɗauki iyalinsa zuwa Kwatano, a ƙasar Benin. Ƙanen matarsa yana can, yana aiki a tashar jiragen ruwa inda ake sauke kayan Nijar. Su huɗu ne: Baba, Inna, yaro ɗan shekara 12, da ƙanwarsa da kowa ke kira Auta. Baba mutum ne mai son su. Ko a gida, ran Lahadi yakan tafi tabkin Madarumfa da fatsarsa. Don haka ya ce ba za su wuce Gaya ba sai sun kwana uku a bakin kogi.

Suka bi ta Ƙonni da Dogondutsi da Doso. A Gaya suka sauka gidan wani Basarke, abokin Baba. Sarkawa masunta ne tun kaka da kakanni. Watan Satumba ne, kogin Isa, wanda wasu ke kira Kwara, ya cika, ruwa ya yi ja. Basarke ya ce:

"Kun zo lokacin da kifi ke da wurin ɓuya. Duk ya shige ciyawa. Amma mu je mu gani."

Da asuba suka shiga jirgi. Basarke ya riga ya shimfiɗa mamari tun da dare. Mamari igiya ce doguwa, an jera mata ƙugiyoyi da yawa. Yana ja, yana cire kifi. Ga ƙarfasa, ga ragon ruwa, ga kurungu mai ƙaya, wanda ke gurnani in an kama shi. Yaro ya ga wani kifi mai santsi, mai taiɓa, ya kai hannu. Sai ya yi tsalle, ya ƙwalla ƙara. Minjirya ce! Jikinta yana da wutar lantarki. Baba ya yi dariya har jirgi ya karkata. Giwan ruwa kam, wanda kan wuce kilo 100, ba su gan shi ba, labarinsa kawai suka sha.

Auta ba ta shiga jirgi ba. Tana bakin gaɓa da ƴar fatsa, an sa mata tana a ƙugiya. A rana ta biyu ta kamo tarwaɗa ƙarama, tsawon tafin hannu. Inna ta ce a sa ta cikin miya. Auta ta fashe da kuka. Ta sami gwangwani, ta zuba ruwa, ta saka kifinta. Ta ce za ta kai ta teku ta sake ta, don Baba ya ce teku ta fi kogi girma, can za ta sami wuri ta girma. Manya suka yi dariya, ba wanda ya tsaya ya yi tunani a kan maganar.

Da ƙarfasa ce, da ta mutu kafin su ƙetare gadar Malanbil. Amma tarwaɗa tana da taurin rai. Tana iya shaƙar iska, shi ya sa take daɗewa cikin ruwa kaɗan, ko cikin taɓo. Inna tana sake mata ruwa a hanya. Suka shiga mota har Paraku. Daga nan suka hau jirgin ƙasa, wanda a lokacin yake ɗaukar fasinja, suka yi tafiyar kilomita 438 zuwa Kwatano.

Washegari Kawu ya kai su bakin teku. Yara suka tsaya cik. Babu gaɓa a wancan gefe. Ruwa yana tasowa kamar bango, ya faɗo da ƙugi, ya koma.

Masunta suna jan taru. Tun da safe jirgi ya ratsa igiyar ruwa, ya zagaya, ya zuba taru, ya dawo da bakin igiya. Yanzu mutane sun yi layi biyu a kan rairayi, maza da mata da yara, suna ja da baya, suna waƙa. Wanda ya kai ƙarshen layi sai ya sake, ya komo gaba ya kama. Baba da yaro suka naɗe wando suka shiga layi. Wannan ba su ba ne irin na Madarumfa, inda mutum ke zama shi kaɗai ya yi shiru. Sun yi awa biyu suna ja, hannun yaro ya yi kanta, kafin taru ya fito. Kifi ya zube yana walƙiya kamar azurfa, da kaguwa, da wasu halittu da Baba bai san sunansu ba. Mai taru ya ba kowane mai ja rabonsa. Yaro ya sami kifi cike da hula.

Ana cikin rabo, Auta ta sulale da gwangwaninta ta nufi ruwa. Wani tsohon masunci ya tare ta. Ya leƙa gwangwani, ya girgiza kai, ya yi magana da yarensu. Kawu ya fassara:

"Ya ce ki ɗanɗana ruwan tukuna."

Auta ta tsoma yatsa, ta lasa, ta tofar.

"Kawu, wa ya zuba gishiri?"

Ba wanda ya zuba. Kowace lita ta ruwan teku tana ɗauke da gishiri wajen giram 35. Kun taɓa ganin an barbaɗa wa yankakkiyar albasa gishiri? Sai ruwa ya riƙa fita daga jikinta. Haka gishirin teku yake yi wa kifin kogi: yana zuƙe ruwan jikinsa har ya mutu. Kifin teku shi ya san dabara. Yana shan ruwan, yana fitar da gishirin ta sunsumansa. Tarwaɗa ba ta iya wannan ba.

Auta ta rungume gwangwani. Gaya ta yi nisa, kifi kuma ya fara laushi, ya daina cin abinci. Da dare Inna ta soya kifin teku, kowa ya yaba, Auta ta ƙi ci.

Kawu ne ya sami mafita. A bayan Kwatano akwai babban tabki, ana ce masa Nokuwe. Yana da baki zuwa teku. Da rani ruwan gishiri yake shigowa, amma in koguna suka kawo ruwan damina daga arewa, sai ya zama ruwan daɗi. Suka hau kwalekwale zuwa Ganbiye, garin da aka gina ɗakunansa a kan itatuwa, tsakiyar ruwa. A hanya suka ga rassa an kakkafa cikin tabki, kamar shinge. Masunta ne ke kafa su, kifi ya taru ya yi ƙiba a ciki, sannan a kewaye da taru.

Da suka kai inda kogi ke shigowa, Auta ta ce a tsaya. Ta tsoma yatsa, ta lasa. Ta sake tsomawa, ta miƙa wa yayanta, shi ma ya lasa.

"Babu gishiri," in ji shi.

Ta karkata gwangwani a hankali. Tarwaɗa ta tsaya a saman ruwa, gashin bakinta yana motsi. Sai ta kaɗa wutsiya, ta nutsa cikin ciyawa.