Ranar Da Eriya Ta Kusa Kunyata Gogan Naku

A shekarar 2005 ne wani saurayi a unguwar Fagge ta Kano ya kwashi adashinsa na wata shida ya sayo hom tiyata mai sifika biyar. Burinsa kawai ranar da tashar CTV, wadda yanzu ake kira ARTV, za ta saka fim ɗin Hausa, abokai su ji kiɗan fiyano yana girgiza ɗaki. Har ya gayyace su, cikinsu kuwa har da yayan budurwarsa.

Da la'asar gogan naku ya hau kwano ya ɗaure eriya a gora, ya jawo waya ya soke a bayan akwatin, inda ya ga an rubuta ANT. Ya kunna. Sai ga muryar Rediyo Freedom raɗau, hoto kuwa ko alama! Nan take gumi ya karyo masa.

Da gudu ya nufi shagon wani dattijo mai gyaran rediyo. Dattijon ya yi dariya ya ce, "Yaro, wannan ramin na FM ne. Akwatin nan ba ya kama tashar talabijin, aikinsa ƙara sauti. Mayar da eriyarka bayan talabijin. Sannan ka samo waya mai kai ja da fari, daga AUDIO OUT na talabijin zuwa AUX na akwatin, ka danna AUX a rimot."

"Baba, tawa fa ba ta da wannan ramin."

"To ai kana da bidiyon kaset, shi ma yana kama tasha. Bi da eriyar ta cikinsa, ka ɗauki sautin daga bayansa."

Hakan ya yi, sauti ya tashi har maƙwabta suna leƙowa. Ana shiga waƙar farko aka ɗauke wuta.