Zanen Wuta Da Man Ƙyalli

Cikin darussan aikin hannu ba wanda na fi so kamar zanen wuta bisa katako. Ɗan'uwan adon ƙwarya ne da ake yi da ƙarfe mai zafi, sai dai mu mukan ƙara launi da fensir.

Wuyar aikin tana ƙarshensa. Fensir mai launi da kaki a cikinsa. In ka shafa masa man ƙyalli na kafinta da buroshi kai tsaye, sai kakin ya narke, ja ya shiga kore, wahalar mako 2 ta tashi a banza. Ni nakan fesa man sama-sama, in bari ya bushe, in sake har sau 3, sa'an nan in sa buroshi. Ba na mai da wuta kan katakon da ya sha mai, gama hayaƙinsa yana cutarwa.

'Yan'uwa, gobe yara za su miƙo mana nasu. Yaron da aikinsa ya ɓaci a hannun malami, da wuya ya sake ɗaukar ƙarfe. Saboda haka mu riƙa gwada man a guntun katako tukuna.