Furen gwaggo

Ina aji huɗu gwaggona ta tashi daga Maraɗi ta koma Yamai. Ranar tafiya ta miƙo mini wani gwangwani da ƴar shuka a ciki. Rassanta sun zubo ƙasa kamar kitso, ganyenta ƙanana ne masu kauri. Ta ce: «Ɗiyata, ga amana. In na zo da salla, ina so in tarar da ita da rai.»

Na ajiye ta cikin ɗaki don kada rana ta ƙone ta. Safe da maraice ina ba ta ruwa. Bayan kwana goma ganyen ya fara zuba, gindin ya yi baƙi ya yi laushi. Na ƙara ruwa, abin ya ƙara lalacewa. Sai na zauna ina kuka.

Kaka ta zo ta duba. Ta tsinke ganye ɗaya ta matse shi, ruwa ya fito. Ta ce: «Kin gani? Tana da randarta cikin ganye. Ruwanki ne ya ruɓar da saiwar.»

Reshe ɗaya kaɗai ya rage da lafiya. Muka yanke shi, tsawon yatsa, muka bar shi kwana ɗaya ya sha iska. Na huda gindin gwangwanin da ƙusa don ruwa ya riƙa fita. Na zuba rairayi da taki kaɗan, na dasa reshen. Muka rataye shi bakin rumfa, inda akwai rana kuma awaki ba su kai wa.

Daga nan ba na ba ta ruwa sai na sa yatsa na ji ƙasar ta bushe. Cikin mako biyu ta yi saiwa. Kafin salla rassa sun zubo, ta yi jan fure. Furen yana buɗewa da hantsi, ya rufe da maraice. Ranar da hadari ya rufe rana, ba ya buɗewa.

Malaminmu ya ce da faransanci sunanta pourpier, asalinta kuma daga Amurka ta Kudu ne, wajen Barazil da Arjantina.

Da gwaggo ta zo, na faɗa mata gaskiyar abin da ya faru. Ta yi dariya, ta yanki reshe ɗaya ta tafi da shi Yamai.