Tsakanin "Da" da "Ko"

Mai karatu, duk wanda ya fara koyon gina manhajar kwamfuta, ba zai yi nisa ba sai ya ci karo da wani darasi da ake rainawa saboda sauƙinsa. Darasin kuwa shi ne: a wajen kwamfuta kowace magana ɗayan biyu ce, ko gaskiya ko ƙarya. Ba ta san "da dama-dama" ba, ba ta san "bari mu gani" ba. A yaren Python da nake koyo ana rubuta su True da False. Sai kalmomi uku da ake haɗa su da su: and, wato "da", or, wato "ko", sai not, mai juya gaskiya ta koma ƙarya, ƙarya ta koma gaskiya.

Wannan lissafi ya girmi kwamfutar kanta. Wani Baturen Ingila ne mai suna George Boole ya shimfiɗa shi a littafinsa na shekarar 1854. A 1937 kuma wani ɗalibi a Amurka, Claude Shannon, ya nuna cewa makunnan lantarki za su iya yin wannan lissafi: kunne gaskiya, kashe ƙarya.

"Da" ba ta da sassauci. Mai neman gurbi a Jami'ar Maiduguri sai ya ci JAMB, kuma yana da kiredit biyar. In ɗaya ta faɗi, magana ta faɗi. "Ko" kuwa ɗaya ta ishe ta. Fanka za ta juya in akwai wutar NEPA ko ta sola, in duk biyun suna nan ma, madalla. A nan ta sha bamban da "ko" ɗin mai abinci, domin in ta ce maka "shinkafa ko tuwo?" ɗaya za ka zaɓa.

Ni da na taso a Zangon Kumasi, na zo na tarar ana cakuɗa Hausa da Kanuri da Larabcin Shuwa a Kasuwar Monday, ban taɓa jin an yi musu kan ma'anar "ko" ba. Mutum na fahimtar ɗan'uwansa ta fuska da murya. Kwamfuta ba ta da wannan baiwa.

Ban ga nauyin abin ba sai bayan 10 ga Satumba, 2024, lokacin da madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya mamaye Gwange da Fori har fadar Shehu. Dattawan unguwarmu suka tara ɗan tallafi, suka rubuta sunaye, suka ce tunda ina da kwamfuta in tace musu waɗanda za a fara ba. Sharaɗinsu shi ne: "tsoho ko uwar marayu da gida ya rushe musu."

A baki magana ce sarai. Amma Python tana fara ɗaure "da" kafin ta waiwayi "ko". Don haka in na rubuta yadda aka faɗa, za ta ɗebo kowane tsoho, ko da ruwa bai taɓa ƙofar gidansa ba, sannan ta ƙaro iyayen marayun da gidansu ya rushe. In kuwa na sa "tsoho ko uwar marayu" cikin baka biyu, sai rushewar gida ta hau kan kowa. Jeri biyu ke nan mabambanta, buhunan kuwa ba su da yawa.

Na koma wajen shugabansu na ce, "Baba, tsohon da gidansa ke tsaye fa, kun sa shi ciki?" Ya ce, "A'a ɗana, wanda ya rasa muhalli muke nufi." Na kusa da shi ya ce shi kam duk tsofaffi ya ɗauka ana nufi. Ashe su ma kowa da fahimtarsa. Sai da suka tattauna suka tsaya kan rushewar gida, sannan na sa baka biyun.

Saboda haka, ɗan'uwa mai koyo, kada ka yi wa wannan darasi karatun tsallake. Kwamfuta ba ta san adalci ba, abin da ka rubuta shi za ta zartar. Kafin ka rubuta sharaɗi, koma wajen masu maganar ka tambaye su wa ke ciki, wa ke waje.

Allah Ya mayar wa mutanen Borno da alheri, amin.