Inda Shara Ke Zama Taki a Porto-Novo

Daga Sharabi, idan mutum ya bi ta Tsamiya ya tsallaka Segbana, ya kama hanyar Kandi da Parakou, sai ya gaji da zaman mota kafin ya kai Porto-Novo, babban birnin Jamhuriyar Benin. A unguwar Ouando cibiyar noma ta Songhai take, wadda Fada Godfrey Nzamujo, haifaffen Kano, ya kafa a 1985 a kan ɗan ƙaramin fili. Yau gari guda ce, da kaji da kifi da lambu.

Ni dai wurin taki ya fi riƙe ni. Ganyen da aka share, ciyawar da aka nome, ragowar kayan lambu, duk tattara su ake yi a kai wuri guda. A daddatse masu kauri, a shimfiɗa busassu a ƙasa, a ɗora ɗanyen ganye, a bi da kashin dabbobi, a yayyafa ruwa, a sake wani hawa har tarin ya tashi. Ruwan ma da ƙa'idarsa: ka damƙi abin a hannu ka matse, ka ji danshi amma kada ya tsiyaye. Bayan 'yan kwanaki, in ka cusa hannu ciki sai ka janye da sauri don zafi. Wannan zafin, da kan haura digiri 55, shi ke kashe irin ciyawa da ƙwayoyin cuta. Daga nan sai juyawa lokaci-lokaci, na waje ya koma ciki, iska ta shiga. Cikin wata biyu zuwa uku ya yi baƙi, ya yi laushi, babu wari.

Kashin kaji kuwa har tsutsa suke kiwo da shi su ciyar da kifi, su kuma samu iskar gas ta girki. Wannan sai mai jari.

Takin gargajiya ba baƙonmu ba ne. Manoman kewayen Kano sun daɗe suna kwasar juji a mangala, jakuna su kai gona da rani. Amma jujin yanzu rabinsa leda ne, da fasassun kwalabe da tsohon batir, kuma a bushe yake, rana ce kawai ke dukansa. Ga ƙaiƙayi da karan shinkafa a fadamun Bagudo, sau da yawa wuta ake cinna musu bayan girbi, sannan a tafi neman bashin buhun takin zamani. Mutanen Songhai ba su fi mu shara ba, tacewa da ban ruwa da juyawa suka fi mu.

Mai shanu biyu da ɗan fili a bayan gida, ya ware leda daga sharar gidansa tun yau. Tarin da aka haɗa a watan Fabrairu zai nuna kafin ruwan shuka ya sauka.